Ƙullin Tsoho Gensaku

Wanda yake son ya ga yadda ake raina mutum ba tare da an zage shi ba, sai ya je ƙauyen nan na cikin tsaunukan Tanba ya gayyato Kuramochi Gensaku ya duba masa lambu. Shekarunsa saba'in da shida, hamsin da takwas daga ciki a kan tsani ya yi su, yana gyara itatuwan mutane yana taɓe wa masu su baki. Ya raina masu aske itace da injin lantarki, waɗanda ke mayar da shi kamar kan ɗan kurtu. Ya raina mai sa safar hannu. Wanda ya fi rainawa kuwa shi ne ɗan birnin da ya ƙarar da ƙarfinsa a kujerar ofis, ya yi ritaya, ya sayi tsohon gida a ƙauye, ya wayi gari yana jin shi ma ya san ƙasa.

Sai dai akwai abin da tsohon yake ɓoyewa, ko 'yarsa da ke aure a Osaka ba ta sani ba. Shekara biyar ke nan hannuwansa suna cin amanarsa. Yatsun sun ƙage, babban yatsan dama ba ya iya matse komai, kullum safiya sai ya tsoma su a ruwan zafi kafin su yarda su riƙe almakashi. Kuma ya san abin da ake yi wa mai gyaran lambu idan hannunsa ya mutu. Ba wanda zai kore shi, mutanen ƙauyen ba su iya wannan rashin kunya ba. Za a zo har gida da kwalin alewa a ƙulle cikin ƙyalle, a rusuna, a ce ya sha wahala shekara da shekaru, an gode. Kaka mai zuwa sai ya jiyo ƙarar inji daga lambun da ya rena.

Sauran lambunan bai damu da su ba, kowa ya kwashe. Na haikalin ƙauyen ne a ransa, wanda kakansa ya tsara, babansa ya riƙe, shi ya gada. Ranar goma ga Disamba kwamitin haikalin zai zauna ya yanke ko za a ci gaba da bar masa. Sakataren kwamitin kuwa, don kawai shi ya iya kwamfuta, shi ne Nonomura, ɗan birnin da ya dawo daga Tokyo.

Tun watan Yuni Nonomura ke bugo waya, har sau uku, wai a zo a duba masa ƙaramin itacen momiji da ke tsakar lambunsa. Sau ukun duk Gensaku ya ce aiki ya yi masa yawa, ya ajiye wayar, ya ci gaba da shan shayinsa. Itacen 'yan birni ai ya iya jira. Sai yanzu da zaman kwamiti ya matso, ƙarshen Nuwamba, ganye ya gama zuba, ya ga ya kamata ya leƙa. Ya ɗora tsaninsa mai ƙafa uku a bayan 'yar motarsa ya tafi, yana tsaki tun daga gida.

Ya tarar da maigidan a bakin ƙofa ya ci ado kamar za a ɗauke shi hoto: sabuwar rigar aiki mai aljihu goma sha, takalmin da bai taɓa ganin taɓo ba, safar hannu kore shar, waya a hannu ɗaya, ɗan littafin rubutu a ɗayan.

"Oyakata, sannu da zuwa," in ji Nonomura, yana rusunawa. Haka ake kiran gwanin sana'a, kuma wannan kaɗai Gensaku ya yarda mutumin ya iya. "Mun taso ka cikin wannan sanyi."

"Sanyi ai na 'yan birni ne. Ina gawar take?"

"Haba, Oyakata, daina cewa gawa," in ji uwargidan, Fusae, da ta fito tana goge hannu. "Itacen Koharu ne fa."

Bai manta ba, shi ya dasa shi. Shekara huɗu da suka wuce aka haifa musu jika, Koharu, suka ce suna son momiji, don ganyensa kamar tafin hannun jariri yake. Duk sabuwar shekara ake kawo yarinyar a tsayar da ita a gindinsa a ɗauki hoto, a ga wa ya fi wani tsawo. Fusae ta rage murya ta ce tun da kan itacen ya soma bushewa ba ta samun sukuni, kuma ba ta gaya wa uwar yarinyar ba, don mace ce mai camfi, sai ta ce wani abu zai sami 'yarta.

Itacen yana kan ɗan tudu kusa da dutse, ya yi tsawon mutum biyu. Rassan ƙasa lafiya lau, jajaye, idanun toho sun yi bul-bul suna jiran bazara. Amma sama, wajen kamu uku daga tsororuwa, ya yi toka-toka, ya bushe ƙamas, da 'yan busassun ganye maƙale da suka ƙi faɗowa. Gensaku ya durƙusa ya duba gindin ko zai ga garin itace, alamar tsutsa ta shiga. Babu. Ya kankare ɓawon da farce, ciki kore ne. To, ba tsutsa ba ce, ba saiwa ba ce. Saura mai gida.

Daidai lokacin ya hango tsohuwa Otane, maƙwabciyarsu, ta fito tana shanya daikon, wata doguwar farar saiwa mai kama da karas, a jikin shinge, kunnenta a miƙe. Duk abin da Otane ta ji da hantsi, kafin rana ta raba ya isa ƙarshen ƙauye. Sai ya ɗaga murya.

"Maigida, me ka zuba masa?"

"Ɗan taki ne kawai, a watan Afrilu."

"Ɗan taki. Na cikin leda mai hoton fure, ko?"

"E, shi ne."

"Na sani. Ruwa fa?"

"Da zafi ya yi yawa ina ba shi safe da yamma."

"Safe da yamma! Itace ne ko agwagwa? Su waɗanda ke kan dutse wa ke bin su da bokiti?" Ya nuna wayar da haɓa. "Wannan ce ta koya maka, ko? Shekara arba'in kana buga wa takardu hatimi, yanzu ka zo za ka buga wa itace."

Ya yi masa wankin babban bargo, tas. Nonomura yana rusunawa yana rubutawa a littafinsa, abin da ya ƙara wa tsohon haushi, don bai ga amfanin faɗa da wanda ke rubuta zagin da ake masa ba. Da ya tsagaita, sai mutumin ya ɗago wayar a hankali.

"Oyakata, akwai wani abu can sama, daidai inda bushewar ta fara. Na ɗauki hotonsa daga tagar bene, in za ka..."

"Na tambaye ka? Ni ido gare ni, ba gilashi ba. Mayar da ita aljihu, ai kana da su da yawa."

Ƙarfe goma aka kawo shayi a baranda, kamar yadda ake yi wa ma'aikaci a kowane gida. Nan ma ya sami abin rainawa. Maimakon ɗan kofin ƙasa da ake rungumewa da yatsu, sai Fusae ta zuba masa a wani ƙaton kofi mai mariƙi, irin na 'yan ofis. Busasshen kaki kuwa, wani ɗan itace mai zaƙi da ake ba mutum guda ya yaga da kansa, ta yanka shi mitsi-mitsi ta soka tsinke, kamar za a ba yaye. Ya saƙala yatsu huɗu a mariƙin ya sha, a ransa yana cewa shekara shida a ƙauye ko shayi ba su iya bayarwa ba.

Bayan shayi ya kafa tsani ya hau. Nonomura ya ruga ya riƙe masa.

"Sakar min tsani, Maigida. Ƙafa uku gare shi, bai ce yana neman ta huɗu ba."

Ya fara daga sama yana gangarowa, yana kankare ɓawon kaɗan-kaɗan don ya ga inda rai ya tsaya. Bushe. Bushe. Bushe. Sai yatsansa ya ci karo da wani kumburi, jikin itacen ya tasa kamar maƙoƙo, ƙasa da shi kuma ya tsuke. Ya share gansakukar da ta rufe wurin. Wani baƙin abu ne ya nutse cikin ɓawon, ya zagaye itacen ya shaƙe shi, naman itacen ya hau kansa ta sama da ƙasa. Ta baya wani ɗan ƙulli ya leƙo, mai kunne ɗaya gajere, ya karkata hagu.

Duk mai gyaran lambu da irin ƙullinsa, kuma a faɗin Tanba gida ɗaya ne ke karkatar da kunnen ƙulli hagu. Gidan su Gensaku ke nan.

Ya tuna safiyar da ya dasa itacen. An kafa doguwar gora a gefensa don ya miƙe, saura a ɗaure. Da baƙar igiyar shuro ake ɗaurewa, wadda ake tufkawa da zaren jikin wani irin giginya. Sai an jiƙa ta, a ja da ƙarfi, tana da kaushi kamar ƙaya. Amfaninta shi ne tana ruɓewa: shekara biyu, lokacin da itace ya tsaya da ƙafarsa, ita ma ta rududduge ta faɗi da kanta. Ranar ce yatsunsa suka fara ƙin ja. A jakarsa kuwa akwai wata baƙar igiya da ya saya a ɓoye a wani gari mai nisa inda ba a san fuskarsa ba, ta roba, mai santsi, mai sauƙin ƙulli, daga nesa ba ka bambanta ta da ta gaske. Ya ce a ransa bayan shekara zai zo ya yanke. Gorar ta ruɓe an zare ta, shi kuwa bai sake taka gidan ba.

"Oyakata, ka ga wani abu?" in ji Nonomura daga ƙasa.

"Na ga aikinka. Matsa, kada abu ya faɗo maka a sabuwar riga."

Ya juya musu baya ya zaro zarto. Momiji ba ya son ƙarfe, ƙananan rassansa da yatsa ake karyewa, zarto kuwa sai dole. Ƙasa da shaƙar akwai wani reshe matashi, ja, mai kaurin fensir, ya nufi sama. Shi zai zama sabon kai. Ya kama zarton da hannu biyu ya yanka sama da reshen kaɗan, a karkace don kada ruwan sama ya kwanta a ciwon. Sannan ya sake yanka a saman kumburin, ya jefar da busasshen kan ƙasa, guntun mai igiya kuwa ya cusa shi cikin rigarsa, a jikin fatarsa. Ya shafe ciwon da man toshe rauni. Hannuwan suna zogi har kafaɗa, amma ya sauko yana shan ƙamshi.

Ya ci abincin ranarsa a mota shi kaɗai, guntun itacen yana tokarinsa a haƙarƙari. Ya lallashi kansa da cewa an gama, ba wanda ya gani. Saura kawai a kafa sabuwar gora a ɗaure reshen a jikinta ya koyi miƙewa, in ba haka ba itacen zai tashi da kai biyu ko uku, ya zama tsintsiya.

Ya jiƙa igiyar shuro a bokiti, ta gaske, ya kafa gora, ya hau. Ya naɗa ɓawon itacen sida a jikin reshen don kada igiya ta ci shi, ya lanƙwaso shi a hankali, ya zagaya igiyar sau biyu. Da ya zo jan ƙullin, babban yatsan ya saki. Reshen ya fizge ya koma gefe. Ya sake, igiyar ta zame. A karo na uku ya sa haƙori, ruwan baƙin rini ya ɓata masa leɓe, ƙullin ya warware a gabansa. Ya tsaya yana haki. Sannan hannunsa, kamar ba nasa ba, ya tafi jakar da ke ɗamararsa, ya lalubo ɗaya igiyar.

"Oyakata," in ji Nonomura, murya ƙasa-ƙasa yadda ba za ta tsallaka shinge ba. "Ba wannan ba, don girmanka. Wannan ba ta ruɓewa."

Gensaku ya ƙame a kan tsani. Bai waiwayo ba.

"Tun yaushe?"

"Tun Yuni. Da na ja hoton ya girma sai na ga ƙullin. Lokacin ganyen saman bai gama mutuwa ba, ya dai yi yaushi."

"Kana gani ka zuba ido? Wuƙar yanka kifi ma ai ta isa! Minti ɗaya!"

"Ranar da ka dasa shi ka ce kada ƙarfe ya taɓa shi, kada hannu ya taɓa shi sai naka. Na rubuta." Ya taɓa littafin. "Kuma an gaya mini a garin nan ba a kwance ƙullin wani. Shi ya sa na yi ta kira."

Sau uku. Da ya amsa kiran farko, da itacen yana nan da kansa. Sai kuma kofin mai mariƙi ya faɗo masa a rai, da kakin da aka yanka mitsi-mitsi. Ashe ba rashin iya ba ne. Matar ta daɗe da lura da hannunsa, ta ba shi abin da zai iya riƙewa, shi kuwa ya zauna yana yi mata kallon hadarin kaji. Kunya ta kama shi, irin wadda rabonsa da ita tun yana koyon aiki a hannun babansa.

"Ba wanda zai ji daga bakinmu," in ji Nonomura. "Ranar goma ga wata ma, ni rubutu kawai nake yi."

Wannan ce ta fi yi masa ciwo. Ya sauko a hankali ya miƙa masa jiƙaƙƙiyar igiyar.

"Cire wannan safar. Hau."

Rabin awa suka yi. Gensaku yana ƙasa yana ba da umarni, mutumin yana sama. "Hagu, na ce hagu! A ofis ba a koya muku hagu ba? Kada ka shaƙe shi, bar wurin da yatsa zai shiga. Ja! Ja mana, ba gashin jikarka ba ne." A ƙarshe reshen ya tsaya a jikin gorar, kansa a sama. Ƙullin kuwa ya fito ƙato, mummuna, irin wanda ake ɗaure buhun shara da shi. Amma ya kama, kuma bayan shekara biyu zai ruɓe ya faɗi.

Ƙarfe uku aka kawo shayin yamma. Ba su kai ga kurɓa ba sai ga kan Otane ta saman shinge.

"An yi wa marar lafiya aiki ke nan? To, Oyakata, me ya kashe kan? Takin ne, ko ruwan?"

Nonomura ya yi saurin miƙewa ya rusuna. "Rashin sanina ne, Baba Otane. Mu 'yan birni sai haƙuri."

"Ai da ma," in ji ta, tana dariya. "Mun faɗa tun da muka ga bokitin nan safe da yamma."

Shiru kawai Gensaku zai yi, lambun haikali ya zauna a hannunsa. Ya dubi bayan mutumin da ke rusune, da aljihunansa goma sha, da tafinsa da igiya ta yayyage. Ya hango kansa duk kaka yana hawa tsanin haikali da izinin wannan, suna haɗuwa a hanya mutumin yana yi masa murmushin rufin asiri, har ranar da zai mutu. Shi, jikan wanda ya tsara lambun, a ƙarƙashin tausayin mai buga hatimi. Ba tsoron ƙarya ne ya tashe shi ba, ya sha yin ta. Wannan ɗin ne ba zai iya haɗiyewa ba.

Ya miƙe ya je bakin shinge, ya zaro guntun itacen daga rigarsa ya ɗora a kan daikon ɗinta.

"Otane, idonki na gani har yanzu, ko sai kunne ya rage? Ƙullin wa ye wannan?"

Ta ɗauka ta juya shi. Shekara saba'in tana ganin wannan ƙulli a shingen kowane gida. Ta murza igiyar da farce, ta ji santsin roba, ta dubi fuskarsa, sannan ta dubi hannuwansa.

"Riƙe shi," in ji Gensaku. "Ki nuna musu da kyau, kada ki ƙara gishiri. Wannan ba ya bukata."

Nonomura ne ya ɗora masa tsani a mota, kuma bai hana shi ba. Da zai tayar, ya leƙo ta taga ya ce idan bazara ta yi wasu rassa za su taso su yi gasa da sabon kan, a karye musu baki da yatsa, ban da almakashi. Mutumin ya zaro littafinsa. Gensaku ya yi tsaki ya ja mota.

Ba a ma jira goma ga wata ba. Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, yana zaune a barandarsa hannuwansa cikin kwanon ruwan zafi, ya hango malamin haikalin yana hawowa ta hanyar gidan, rungume da kwali a cikin shuɗin ƙyalle. Aka gaisa, aka rusuna, aka ce ya sha wahala shekara da shekaru, an gode ƙwarai. Ya amsa yadda ake amsawa, ya raka baƙon har bakin hanya.

Da ya dawo ya zauna ya dubi ƙullin ƙyallen, ya taɓe baki. Ko wa ya yi shi bai iya ba, kunnuwan ba su daidaita ba, an matse shi kamar da fushi. Ya jawo kwalin gabansa ya sa yatsu zai kwance. Ya ja, ya sake ja, ya juya shi ta ɗaya gefen. Har ruwan kwanon ya huce ƙullin bai motsa ba.